Almakashi da Haƙuri: Gwanintar Raba Kai da Rilaksa

Akwai wata makitsiya a unguwarmu da nakan zauna kusa da ita don kawai in kalli hannunta. Masu kitso suna da yawa, amma abin da ya sa nake sara mata shi ne yadda take raba mace da gashin da ya sha rilaksa, ta mayar da ita kan gashin da Allah ya halitta mata, ba tare da kan ya zama abin ɓoyo ba.

Sai an san abin da rilaksa ke yi kafin a gane darajar wannan aiki. Kowane silin gashi yana da wasu ƙulle-ƙulle na sinadari a cikinsa, su ne ke riƙe da murɗinsa da ƙarfinsa. Man rilaksa tsinka su yake yi, shi ya sa silin ke miƙewa. Tun lokacin da Garrett Morgan, wani baƙar fata ɗan Amurka, ya kafa kamfanin sayar da irin wannan mai a 1913, an sauya haɗi iri-iri, amma aikin bai sauya ba. Abin da ya tsinke kuwa ya tsinke ke nan. Babu mai, babu sabulu, babu jiƙon da zai dawo da shi. Mafita ɗaya ce: sabon gashi ya tsiro, a datse tsohon. Gashi kuma kimanin santimita 1 yake ƙaruwa a wata, don haka mai son tsawon taƙi guda sai ta shirya jiran fiye da shekara.

Gwanintar duka tana wuri ɗaya: iyakar da sabon tsiro ya haɗu da tsohon gashi. Ƙasa mai kauri ne da murɗi, sama siriri ne mai rauni, kuma daidai mahaɗar nan gashi ke karyewa. A bushe ba a cika gane ta ba. Shi ya sa makitsiyar ba ta ɗaukar almakashi sai ta jiƙa kai sharkaf. Da ruwa ya ratsa, sabon gashi sai ya dunƙule, tsohon ya zubo a miƙe kamar zare. Sai ta raba kan gida huɗu, ta ɗauki ɗan tsagi, ta matsa shi tsakanin yatsa biyu, ta ja a hankali daga tushe. Inda yatsunta suka ji kaushi ya ƙare santsi ya fara, nan take tsayawa, nan almakashi ke sauka. Almakashin nan ba ya taɓa yadi ko takarda, domin dakusasshen baki tsaga bakin gashi yake yi.

Hanya biyu take shimfiɗa wa mai zuwa wurinta. Mai ƙarfin zuciya a datse mata gaba ɗaya rana guda, ta tashi da ɗan gajeren gashi mai lafiya. Wadda ke tsoron ganin kanta haka, ko take gudun tsegumin dangi, sai a bi da ita sannu: duk wata biyu a rage baki kaɗan, har tsohon ya ƙare. Na ji ta tana lallashin wata budurwa da ta ga gashinta a ƙasa ta fara hawaye: "Haba 'yata, wanda ya zube ai dama ya gama aikinsa. Kawo hannunki ki taɓa nan, wannan shi ne naki."

A watannin jiran nan ne kitsonmu na gado ke nuna amfaninsa. Kalaba manya, shuku, ko kitson zare, duk suna ɓoye bambancin gashin biyu, suna kuma hutar da shi daga mataji. Sai dai ba ta ɗaurewa tamau, musamman a gaban goshi, don kitso mai ja shi ke cinye gashin gaba. Ranar tsifa kuwa, ruwan karkashi take zubawa, yauƙinsa ya sa sili ya zame daga sili. Da yatsa take fara warwarewa, sannan mataji mai faɗin haƙori, daga baki zuwa tushe. Bayan wanki, tun gashi da sauran laima, ta shafa man kaɗanya ya kulle danshin. Da hunturu takan ninka kulawa, ta kuma hana a ɗaura ɗankwali ko a sa hijabi kan jiƙaƙƙen kai.

Masu barin rilaksa suna da hujja. Wasu ƙunar fatar kai ta ishe su, wasu karyewar gashi. A 2022 kuma wani bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka, wanda ya bibiyi mata fiye da 33,000, ya gano cewa masu yawan amfani da man miƙar da gashi sun fi sauran fuskantar haɗarin sankarar mahaifa.

'Yar'uwa, idan kin yi niyya, kada ki ɗauki almakashi ke kaɗai gaban madubi. Nemi mai hannu wadda ta san iyakar nan, ki ba ta kanki, ki ba gashinki lokaci. Sannu ba ta hana zuwa, kuma gashin da zai fito naki ne tun daga tushe har baki.