Dariyar da Ake Saye da Mutuncin Wani a Filayen Wasa

A gidan dambe mutum uku ne ke riƙe da taro: ɗan dambe da ya ɗaure hannu da zare, makaɗi da kalangunsa, sai sanƙira da ke riƙe da lasifika. Shi sanƙira aikinsa ya fi na kowa yawa. Shi ke faɗin wanda zai shiga fage da ɓangaren da ya fito, ko Kudu ko Arewa ko Guramaɗa, shi ke sanar da wanda ya yi liƙi da nawa ya liƙa, shi ke cike gurbin da ke tsakanin turmi da turmi don kada taro ya yi sanyi. A birnin Katsina wannan sana'a ta yi rassa. Akwai mai sanarwa a gasar ƙwallon unguwanni, akwai mai sharhi a rediyo, ga kuma samarin da ke ɗora muryarsu a kan bidiyon wasa su saka a TikTok da Facebook.

Dukkansu abu ɗaya suke nema, wato a yi dariya, kuma babu laifi a cikin wannan. Abin da ke damun mai wannan rubutu shi ne hanyar da da yawansu suka mayar ta arha. Da zarar an kashe ɗan dambe ya faɗi, kafin ya karkaɗe ƙurar jikinsa, sai a ji murya daga lasifika tana cewa ya tashi ya koma ɗaki, nan ba wurin mata ba ne. Mai tsaron raga ya saki ƙwallo, sai a tambaya ko lalle ya ƙunsa. Idan ɗan wasan ɗan Kudancin Najeriya ne, ba a ma tsayawa neman sunansa. Sunan ƙabilarsa ya wadatar, kuma ba sunan da su suke kiran kansu da shi ba. Fili ya ɗauki shewa, mai lasifika ya ji daɗi, gobe ya ƙara gishiri.

Idan aka yi magana, amsar a bakin kowa take: ai wasa ne, kuma Bahaushe ya gaji wasa. Wannan gaskiya ne. Bakatsine da Banufe ba sa haɗuwa su rabu ba su taɓa juna ba. Haka Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa. A cikin gida akwai wasan jika da kaka, akwai na taubasai da ke bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Al'adar tana da daraja har Hukumar UNESCO ta sanya wasan dangantaka na Jamhuriyar Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a shekarar 2014. Katsina da Maraɗi kuwa tushensu ɗaya, abin da ake yi can shi ake yi nan.

Sai dai wannan wasa yana da ƙa'idojin da kowane dattijo ya sani. Ana yin sa ne tsakanin mutum biyu da suka san akwai wasa a tsakaninsu. Ana yin sa ido da ido, wanda aka zolaya yana da bakin ramawa, sau da yawa ma shi ke cin riba. Kuma a ƙarƙashinsa akwai amana: Banufen da Bakatsine ya gama kira bawansa a kasuwa, shi ne zai fara tsaya masa idan wani ya nemi ya ci masa fuska. Mai lasifika ya karya dukkan ukun. Shi kaɗai ke da murya, wanda yake yi wa ba'a yana ƙasa yana haki ko yana tsakiyar fili yana gudu. Babu wasa na gado tsakanin Bakatsine da ɗan ƙabilar Ibo, babu kuma wata al'ada da ta ce mata gaba ɗayansu abokan wasan sanƙira ne. Abin da ya rage bayan an cire ƙa'idojin nan sunansa cin mutunci a bainar jama'a.

A ƙwallon ƙafa lamarin ya fi haɗari, domin filin Karkanda, wanda aka sa wa sunan Sarki Muhammadu Dikko, yana ɗaukar mutum 35,000. Katsina United kanta, kamar sauran ƙungiyoyin gasar Firimiyar Najeriya, tana ɗauko 'yan wasa daga kowane sashe na ƙasar. Ɗan Kudun da aka yi wa ihu yau a rigar baƙi, ɗan'uwansa ne ke sanye da rigar gida yana zuba gumi don Katsinawa su yi murna. Kuma duk ɗan Arewan da ya taɓa zama a Legas ko Fatakwal ya san yadda kalmar "aboki" ke sauka a zuciya idan aka jefo ta da raini. Wanda ya san wannan zafin bai kamata ya zama mai ɗanɗana wa wani shi ba.

Hatta tsakanin 'yan gida ɗaya, taron filin wasa ba abin wasa da shi ba ne. A watan Afrilun 2022, wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha ya tashi ba a kammala ba, aka farfasa motar 'yan Katsina, hukumar gasar ta zaftare wa Pillars maki 3 tare da tarar naira miliyan 9. A ƙarshen kakar ƙungiyoyin biyu duk suka faɗa rukuni na ƙasa. Ba wanda ya ce mai sanarwa ne ya haddasa wannan. Darasin shi ne, taron da zai iya yin haka saboda ƙwallo kawai ba ya buƙatar wanda zai ƙara masa ƙabilanci ta lasifika.

Batun mata kuwa, ba'ar ta ma saɓa wa abin da ido ke gani. A watan Yulin 2025 Super Falcons suka doke Maroko da ci 3 da 2 a Rabat, bayan an fara cin su biyu, suka ɗauki kofin Afirka karo na 10, alhali Super Eagles sau 3 suka taɓa ɗaukar nasu. Asisat Oshoala ta zama gwarzuwar Afirka sau 6. Salima Mukansanga 'yar Ruwanda ta busa wasan maza a gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, Stéphanie Frappart ta Faransa ta busa wasan Jamus da Kosta Rika a gasar cin kofin duniya a Ƙatar a ƙarshen shekarar 2022. Mai sharhin da har yau yake amfani da kalmar mace a matsayin ragwanta, bai bi labarin sana'arsa ba. Mafi muni, yaran da ke zaune a kan katanga suna saurare suna ɗaukar darasi: cewa mafi ƙasƙancin abin da za a kira namiji da shi shi ne jinsin mahaifiyarsa.

Masu kare wannan salo suna kafa hujja da jama'a, suna cewa ai ga shi ana dariya. Amma a duba taron da kyau. Ga matasa a gaba suna buga ƙafa. Ga wani dattijo a gefe ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Ga ɗan kasuwa ɗan Kudu da ya shekara ashirin a Katsina, yana jin Hausa sarai, ya yi murmushin yaƙe don ba shi da zaɓi. Matan da ake magana a kansu galibi ba sa wurin, sai dai masu tallan gyaɗa da ruwan sanyi a bakin ƙofa, kuma suna ji. Dariyar masu ƙarfin murya ba ita ce ra'ayin kowa ba. Sannan sanƙira da liƙi yake ci. Inda kuɗi suka zubo, can bakinsa zai karkata. Wanda ya liƙa masa ɗari biyar bayan ya zagi wata ƙabila, ya sayi zagi na gaba ke nan. Yanzu kuma waya ta shigo. Magana zarar bunu ce, abin da aka faɗa a bayan Ƙofar Ƙaura da la'asar, kafin isha'i an gan shi a Inugu, ba tare da wanda zai yi bayanin cewa wasa ake yi ba.

A Ingila an sha wannan gwagwarmaya. A 2004 Ron Atkinson, tsohon kocin Manchester United, ya bar aikin sharhi a tashar ITV bayan ya yi wa Marcel Desailly na Chelsea kalaman wariyar launin fata yana zaton an kashe makirufo. A Janairun 2011 aka naɗi Andy Gray da Richard Keys na Sky Sports suna cewa mata ba su san dokar satar gida ba, suna nufin Sian Massey mai ɗaga tuta a wasan Wolves da Liverpool. An sallami Gray, Keys ya ajiye aiki, kuma hukuncin da matar ta yanke a ƙwallon farko ta Liverpool ya tabbata daidai. Waɗannan a ɓoye suka faɗa asirinsu ya tonu. Namu da gangan suke faɗa, a gaban dubban mutane, a kuma biya su.

Ba a nemi mai lasifika ya zama limami ba. Fili yana son raha, kuma kayan raha sun cika shi: ɗan damben da ya cika baki ya sha ƙasa a turmin farko, ɗan wasan da ya harba ƙwallo ta tsallake katanga, Bakanon da ya zo da kuri ya koma shiru, wanda shi ma zai rama idan aka je Kano. Abin da ya sa har yau ake tuna mawaƙin dambe Ɗan Anace da jaruminsa Shago shi ne gwanintar mawaƙin ta ɗaga jarumi da sanin tarihinsa, wa ya kashe, a wane gari, da wane hannu. Wannan shi ne aikin da ke buƙatar ilimi, ba'ar ƙabila da ta mata kuwa kowane rago zai iya.

Saboda haka masu gidajen dambe, da masu shirya gasar unguwanni, da shugabannin sashen wasanni a gidajen rediyon Katsina su gindaya sharaɗi ga duk wanda za su miƙa wa lasifika: a kira ɗan wasa da sunansa, a bar ƙabilarsa, a bar mata. 'Yan kallo kuma su riƙe kuɗinsu a aljihu duk lokacin da aka saɓa wa wannan sharaɗi, su liƙa wa wanda ya iya kirari.