Shin da gaske wake ɗaya ne ya ɓata gari? Sharhi kan binciken rangwamen tara a Fulorida

Duk lokacin da ɗan sanda ya tsayar da direba saboda gudun wuce ƙima, yana da zaɓi a ƙalla uku. Zai iya rubuta masa takardar tara daidai da laifinsa, zai iya sassauta masa ya rubuta ƙaramin laifi, ko kuma ya ja masa kunne ya sallame shi. Doka ce ta bar masa wannan sarari, don ba za a iya hukunta kowane ƙaramin kuskure a kan titi ba. Tambayar da ta daɗe tana damun masu bincike ita ce: wa ke samun wannan sassauci, wa ake hana wa?

A 2021 mujallar American Economic Review ta buga aikin wasu masana tattalin arziƙi biyu, Felipe Goncalves da Steven Mello, kan 'yan sandan manyan hanyoyi na jihar Fulorida a Amurka. Taken aikin ya taɓo hujjar da hukumomin 'yan sanda suka saba karewa da ita idan an zarge su da wariyar launin fata, wato 'yan tsirarun ɓata-gari ne kawai ke jawo wa sauran baƙin jini. Aiki ne mai kyau ƙwarai, amma yana da giɓin da ya kamata mai karatu ya sani kafin ya ɗauki sakamakonsa ya yi gaba.

Bari mu fara da dabarar, don a nan daɗin aikin yake. A dokar Fulorida, tara tana hawa ne mataki-mataki. Wanda ya zarce ƙa'ida da mil 1 zuwa 5 a awa, gargaɗi ne nasa. Daga mil 6 zuwa 9, asalin tarar dala 25 ce. Daga mil 10 zuwa 14 kuwa sai ta yi tsalle zuwa dala 100, ban da kuɗin kotu da ake ɗorawa a kai. Ka ga tsakanin 9 da 10 mil ɗaya ne kacal, kusan kilomita ɗaya da rabi, amma a aljihu tazarar ba kaɗan ba ce.

Da masu binciken suka jera takardun tara na shekaru masu yawa, sai suka ga sun yi tsibi a kan mil 9, alhali 8 da 10 kusan wayam. To direbobi ba su haɗa baki suka ce kowa ya tsaya a 9 ba. Abin da ke faruwa shi ne, jami'i ya kama mutum yana gudun mil 15 ko 18 sama da ƙa'ida, sai ya rubuta 9 don ya rage masa zafi. Rangwame kenan, kuma ya bar sawunsa a takarda.

Mai shakka zai ce, idan fararen fata sun fi samun 9, ai wataƙila su ne dama ba su cika gudu ba. Amsar da suka bayar tana da wayo. Akwai jami'an da ba sa rangwame ga kowa, abin da na'ura ta nuna shi suke rubutawa. Takardun waɗannan su ne ma'aunin ainihin gudun kowane rukuni. Idan aka kwatanta su da na masu sassauci a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, sai a gane nawa ne daga bambancin ya fito daga ƙafar direba, nawa ne daga alƙalamin jami'i. Sakamakon: baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka ba sa samun rangwamen kamar farare, kuma ƙiyasinsu ya nuna kashi 42 cikin 100 na jami'an suna nuna wannan bambanci. Kashi 42 dai ya wuce a kira shi wake ɗaya.

Wannan gudummawa ce babba, domin yawancin binciken da aka saba yi yana auna hukuma ne a dunƙule. Shi wannan ya sauko kan jami'i ɗaya-ɗaya. Ya kuma nuna cewa sauya wa jami'ai wurin aiki gwargwadon sassaucinsu zai iya rage tazarar, wato inda aka tura wa ma yana cikin matsalar.

Yanzu ga inda nake da ja.

Na farko kuma mafi girma, aikin ya dogara ne kan takardun tarar da aka rubuta. Direban da aka ce masa "je ka, kar ka ƙara" ba ya cikin lissafin, ga shi kuwa shi ne ya samu rangwame mafi tsoka. Haka wanda jami'i ya gani yana sheƙa gudu ya kau da kai. Kamar mutum ne ya tsaya a ƙofar asibiti yana ƙirga marasa lafiya don ya san lafiyar gari: waɗanda ba su zo ba ba zai gan su ba. A 2020 Dean Knox da Will Lowe da Jonathan Mummolo sun yi bayanin wannan tarko a fili: idan akwai son kai tun wajen zaɓen wanda za a tsayar, to bayanan abin da ya biyo baya za su iya ɓoye girman wariyar. Kuma akwai dalilin zargin hakan. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun duba tsayarwa kusan miliyan 100 a Amurka, suka ga kason baƙaƙen fata cikin waɗanda ake tsayarwa yana raguwa bayan duhu ya shiga, lokacin da ganin fuskar direba daga nesa ke wuya. Saboda haka kashi 42 hoton mataki ɗaya ne kawai cikin matakai da dama.

Na biyu, su wa suka rubuta bayanan? 'Yan sandan da ake bincika. A 2015 gidan talabijin na KXAN a jihar Tekzas ya gano cewa jami'an manyan hanyoyin jihar suna rubuta direbobi 'yan asalin Latin Amurka da yawa a matsayin farare. Wannan a Tekzas ne, ba hujja ba ce kan Fulorida, amma ya isa ya tuna mana cewa duk binciken da ya dogara da irin wannan rajista yana gadon kurakuranta.

Na uku, kashi 42 ƙiyasin lissafi ne kan taron jami'ai. Jami'in da ya rubuta takardu kaɗan, ma'auninsa zai yi rawa. Amfani da irin wannan maki don a kori wane ko a hukunta wane yana buƙatar ƙarin shaida. Sannan jiha ɗaya ce, rundunar manyan hanyoyi ɗaya. Aikin ɗan sandan cikin gari daban ne.

Na huɗu, launin fata ba shi kaɗai ke juya alƙalami ba. Michael Makowsky da Thomas Stratmann sun nuna a 2009, da bayanan jihar Masacuset inda ake rubuta gargaɗi da tara duka, cewa baƙon direba ya fi ɗan gari shan tara, musamman a garuruwan da asusunsu ya yi ƙasa. Baƙo ba ya zaɓe a garin, kuma dawowa kotu don ya yi jayayya zai yi masa nisa. Rahoton Ma'aikatar Shari'a ta Amurka kan garin Ferguson a 2015 ya nuna yadda shugabannin gari ke matsa wa 'yan sanda su ƙara yawan tara don kuɗin shiga. Duk bayanin da ya tsaya kan zuciyar jami'i kaɗai ya bar wannan a baya.

To me za a yi, a ƙwace zaɓin gaba ɗaya a miƙa wa kyamara? Kyamara ba ta ganin launi, amma mutum ne ke zaɓar inda za a kafa ta. Binciken ProPublica na 2022 ya gano cewa tarar kyamarorin birnin Shikago ta fi faɗawa kan unguwannin baƙaƙe da 'yan Latin. Kuma kyamara ba ta san mai garzayawa da mai naƙuda asibiti ba. A ɗaya ɓangaren, sassauci ma ba kyauta ba ne: a wani aikin nasu, Goncalves da Mello sun ga waɗanda aka yi wa rangwamen sun fi saurin sake aikata laifin.

Kada a ɗauka magana ce ta 'yan daloli. A Yulin 2015 an tsayar da Sandra Bland a Tekzas don ta sauya layi ba ta kunna sigina ba. Takardar gargaɗi jami'in ya shirya ba ta, amma musu ya kaure, ya kama ta, bayan kwana uku aka tsinci gawarta a ɗakin tsaro. Dokar da jihar ta yi da sunanta a 2017 ta faɗaɗa rajistar tsayarwa har ta haɗa da waɗanda aka yi wa gargaɗi.

A ganina nan ne darasin yake, har ga mu da muka saba jin "Yallaɓai, a yi haƙuri" a bakin titi. Haƙurin ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne wa ake yi wa, kuma ba za a taɓa sani ba sai an rubuta kowace tsayarwa, da dalilinta, da yadda ta ƙare, an kuma bar masu bincike sun gani. Aikin Goncalves da Mello ya cancanci a karanta shi, don ya nuna yawan abin da lamba ɗaya tak, 9, za ta iya tonawa. Sai dai a karanta shi ana tuna direbobin da aka sallama ba tare da an rubuta komai ba.