Rugar da Ba Ta da Shanu

Na shafe mako biyu ina sauraren tsofaffin shirye-shiryen rediyo na wata ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna Sons of the Pioneers, waɗanda yanzu ake samu a intanet. Duk wanda ya taso yana jin labarin finafinan kaboyi daga bakin iyayen da suka yi zamani da silima a Kano ko Kaduna zai gane duniyar nan take: doki, malafa, fako, da mutum shi kaɗai. Sai dai a nan babu hoto, murya ce zalla.

Ƙungiyar ta samo asali a Los Angeles a 1933 da mutum uku: Leonard Slye, wanda daga baya ya zama Roy Rogers, da Bob Nolan, da Tim Spencer. Daga bisani wa da ƙani suka shigo, Hugh Farr mai goge da Karl Farr mai jita. Tun tsakiyar shekarun 1930 suke naɗar waƙoƙinsu a manyan fayafayai masu faɗin inci 16, kowane gefe na ɗaukar kusan minti 15. A buga kwafe-kwafe, a aika wa tashoshi, kowace ta sa a lokacin da ya dace da ita. Ta haka manomi a ƙauye zai ji kamar mawaƙan suna cikin tashar garinsu, alhali sun daɗe da gama naɗar shirin.

Wannan dabara ce ta haifi ƙarfin shirye-shiryen, ita ce kuma ta haifi rauninsu. Tunda ba a san inda za a saurara ko ranar da za a saurara ba, dole hirar ta zama marar gari, marar kwanan wata. Sai aka ƙirƙiri ruga ta bogi. Ɗauki shirin 10-2-4 Ranch na shekarun 1940, wanda kamfanin lemo na Dr Pepper ya ɗauki nauyi. Lambobin da ke cikin sunan ba su da alaƙa da kiwo: ƙarfe 10 da ƙarfe 2 da ƙarfe 4 ne, lokutan da kamfanin ke so a sha lemonsa. Barkwancin da ake yi tsakanin waƙoƙi a irin waɗannan shirye-shirye ya tsufa ƙwarai. Kana ji ka san karanta shi ake yi daga takarda, dariyar ma ta aro ce.

Amma da zarar sun buɗe baki da waƙa, sai labari ya sha bamban. Muryoyi uku ne ke tafiya manne da juna har ka kasa ware ta wane ce a sama. Suna karya murya daga ƙirji zuwa can ƙololuwa, su ukun a tare, ba tare da ɗaya ya zame ba. Gogen Hugh Farr kuwa yakan fice daga layi ya yi yawonsa da salon jaz, sannan ya dawo daidai kan gaɓa. "Cool Water" ta Nolan, labarin matafiyin da ƙishirwa ke nuna masa ruwan da babu shi, ba ta buƙatar kowace ruga ta bogi kafin ta taɓa zuciya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne su wane ne ke rera wannan rayuwa. An haifi Slye a birnin Cincinnati, ya yi aiki a masana'antar takalma. An haifi Nolan a Winnipeg ta Kanada, ya taɓa yin dakon sanduna a filin golf. Zamanin koro shanu ta dogon daji ya shuɗe tun ƙarshen ƙarni na 19. Makiyayan ainihi kuwa, da yawansu 'yan asalin Meziko ne da baƙaƙen fata, kuma ƙasar da suka ratsa ta 'yan asalin nahiyar ce da aka kora. Da wuya ka ji muryar ɗayansu a wannan ruga.

Duk da haka ba zan ce yaudara ce tsagwaronta ba. Cikin masu saurarensu akwai dimbin waɗanda fari da karayar tattalin arziki suka raba da gonakinsu a shekarun 1930, suka yi ƙaura zuwa Kaliforniya neman abin kai wa baka. Slye kansa ya yi ƙwadagon tsinkar 'ya'yan itace a can. Rugar ƙirƙirarriya ce, amma kewar gida da ke cikin muryoyin ta gaske ce, shi ya sa waƙoƙin suka rayu, hirar da tallar suka mutu.

Shawarata ga mai son gwadawa: ya fara da shiri guda cikakke, kada ya tsallake tallar. Sai ka ji abin da ake sayarwa kafin ka gane darajar abin da ya fi ƙarfin ciniki.