Darar da ke Da'awar Gaskiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa gindin itace a Bebeji ko Kiru bayan la'asar ya ga 'yan dara. An haƙa gurabu 30 a ƙasa, wannan yana riƙe da tsinke 12, wancan da tsakuwa 12, kowa na neman ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Maganganun yaƙi ne a bakinsu, tarewa da kashewa da ci. Amma ba a taɓa jin ɗan dara ya ce haka aka yi basasar Tukur da Yusufu ba. Dara wasa ce, ta kuwa san wasa ce. To, Turawa suna da wata irin dara wadda ba ta tsaya nan ba, gama masu yinta suna cewa hoton yaƙi ce na ainihi, har ma wanda ya ƙware da ita ya san yadda aka yi faɗan. Wannan magana ce babba, ta isa a auna ta.

Asalin wasan daga Jamus yake. A 1824 wani ƙaramin hafsa na ƙasar Furusha, Reisswitz, ya nuna wa shugaban hafsoshinsu wasan da ake yi a kan taswira, da 'yan gutsattsarin ƙarfe ja da shuɗi a madadin runduna, da alƙali mai raba gardama. Aka karɓe shi don koyar da hafsoshi. Bayan shekara ɗari da 'yan kai sai 'yan kasuwar Amurka suka maishe shi abin sayarwa cikin kwali. Kamfanin Avalon Hill ya fitar da PanzerBlitz a 1970, da Squad Leader a 1977, dukansu kuwa sun fara ne da yaƙin Jamus da Rasha. Mutanen ƙasar nan sun fi sanin yaƙin Hitila ta wajen Bama, inda 'ya'yansu suka tafi, amma tsakanin Jamus da Rasha aka yi mafi muninsa. Ya tashi ran 22 ga Yuni 1941, bai ƙare ba sai Mayu 1945, kuma cikin kowane soja huɗu da Jamus ta rasa, wajen uku can suka faɗi.

Ga yadda Squad Leader yake. Allon taswira ce ta gidaje da hanyoyi da kurmi, an rarraba ta gida gida, kowane gida mai kusurwa shida, faɗinsa mita 40. Kowane zagaye na wasa minti 2 ne na faɗa. Kowane ɗan kwali ƙungiya ce ta soja kamar goma, an buga mata lamba uku: ta farko ƙarfin wutarta, ta biyu nisan da harbinta ke kaiwa, ta uku ƙarfin zuciyarta. In an yi wa ƙungiya ruwan wuta, mai ita zai jefa ƙwayar ludo biyu. In abin da ya fito bai wuce lambar zuciyarta ba, ta daure. In ya wuce, ta karaya, sai a kife kwalin, ba ta harbi, ba ta jin umurni, sai neman maɓoya, har wani saja ko hafsa ya je inda take ya farfaɗo da ita. Ƙungiya mai lamba 7 takan daure sau 21 cikin 36, in ba a ƙara mata wani nauyi ba.

Nan dai dole a yaba wa John Hill, wanda ya tsara wasan. Ya gane abin da marubutan tarihi da yawa suka yi wa gajeren hannu, watau ba kisa ke raba yawancin faɗa ba, tsoro ne. Ɗan dara in an ce ya je, zuwa yake yi. Ɗan kwalin Hill kuwa yakan ƙi, ya kwanta bayan katanga alhali nasara tana taki ashirin gabansa, mai wasa na kallo yana cizon yatsa. Duk tsohon sojan da ya ba da labarin dajin Bama ba tare da fariya ba, irin wannan yakan faɗa: harsashi bai taɓa mutum ba, amma ƙafa ta ƙi tashi, sai da muryar saja ta tashe ta. Ta wannan fuska wasan ya fi littattafai da yawa gaskiya.

Amma fa lambobin nan ba daga sama suka sauko ba, wani ne ya zauna ya rubuta su. An ba Bajamushe 4-6-7, aka ba Barashe 4-4-7. Wuta ɗaya, zuciya ɗaya, sai dai harbin Bajamushe ya fi nisa da gida biyu. Babban bambancin yana wajen shugabanni, gama ana ba Jamus saja da hafsa masu yawa kuma gwanaye, Rasha kuwa ɗaya ɗaya. Tun da yake ƙungiyar da ta karaya ba ta tashi sai da shugaba, ma'anar wannan a fili take. Mai riƙe da Jamus zai koyi dabara da zagaye, mai riƙe da Rasha zai koyi tura jama'a gaba har adadi ya rinjayi gwaninta. Yaro ya yi wasan sau hamsin, ya tashi da yaƙinin Bajamushe gwani ne, Barashe taron fari ne kurum. Ba wanda ya karanta masa wannan, hannunsa ne ya koya masa, abin da hannu ya koya kuwa ya fi abin da kunne ya ji wuyar fita.

To, daga bakin wa aka ji haka? Da aka gama yaƙi, sojan Amurka suka tara manyan hafsoshin Jamus da ke hannunsu, suka sa su rubuta yadda suka yi da Rasha, domin a lokacin Amurka na tsammanin ita ma za ta kara da ita. Wanda aka ɗora bisa aikin shi ne Janar Halder, shugaban hafsoshin sojan ƙasa na Hitila daga 1938 zuwa 1942, mutumin da da hannunsa aka shirya farmakin. Suka rubuta takardu fiye da 2,000, har Amurka ta ba Halder lambar yabo a 1961. Sa'an nan littattafai suka biyo. Guderian ya fitar da nasa a 1951. Manstein, wanda kotun sojan Ingila ta ɗaure a 1949 saboda laifuffukan yaƙi aka kuma sake shi a 1953, ya fitar da nasa a 1955. Bakinsu ɗaya: su ne gwanaye, Hitila ne ya ɓata musu shiri, sanyi da laka suka riƙe su, yawa ya danne su, kisan bayin Allah kuwa aikin wasu ne. Laifi tudu ne. Rasha a lokacin ta kulle takardunta, abin da take fitarwa kuma rabinsa kirari ne, saboda haka masu tsara wasa a Amurka suka ɗauki shaidar da ke gabansu suka maishe ta lissafi. Kowane alƙali na ƙasar nan ya sani ba a yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, balle in shi ne ake ƙara.

Kada mai karatu ya ga abin ya yi nisa, ga shi nan a ƙofar gida. Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da baƙaƙen soja fiye da 700, da yawansu Hausawa, da igwa 4 da bindiga mai ruwa 4. Ran 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji suka tarar an rufe ƙofa. Rahoton Gwamna Lugga ya ce Kyaftin Abadie, wanda ake kira Mai Jimina, ya je gindin ganuwa ya yi magana da mutanen gari ba a daidaita ba, aka buga igwa ta fasa ƙofar, ta kashe sarkin garin da wasu manyansa. Bayan kwana biyu Kano ta faɗi. A ce wani ya tashi yin wasan allo na wannan rana, ba shi da abin dubawa sai rahoton nan. Zai san nisan igwa daidai, ya san adadin soja har mutum ɗaya. Amma wace lamba zai buga wa mutanen da ke bayan ganuwa? Sarki Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙa, an bar su da umurnin kada su buɗe, a gabansu kuma ga makamin da ba su taɓa gani ba. Mai wasan zai ba su ƙaramar lamba ya wuce, ya ce ai tarihi ya nuna ba su daɗe ba. Ba ƙarya ya yi ba, amma duk wanda kakansa ya tsaya a ƙofar nan zai ce ba a tambaye su ba.

Haka kuma Kwatarkwashi, ƙarshen watan nan. Takardar Turawa ta ce Laftana Wright da mutum 45 ko kusa sun tsaya wa dawaki 1,000 da dakaru 2,000, aka ba shi lambar jaruntaka mafi girma ta Ingila. A kan allo wannan sai ya zama gwaninta ta ci yawa, daidai da labarin Manstein. Amma jama'ar nan sarkinsu ya rabu da su da dare, bakinsu kuma ya rabu: Waziri Ahmadu ya zaɓi faɗa ya mutu a ciki, Wambai Abbas ya komo Kano da mutanensa aka naɗa shi sarki. Babu lamba uku da za ta ɗauki wannan. Sai a 1964 wani tsohon jami'in mulki, Muffett, ya fitar da littafi wanda a cikinsa ya sa bakin tsofaffin da suka ga abin da idonsu.

Ba a ce duk abin da janar-janar ɗin Jamus suka faɗa ƙarya ne ba. A 1941 sojan Rasha da gaske suna ƙarancin hafsoshi masu sani, gama Istalin ya karkashe dubbai daga cikinsu a 1937 da 1938, an kuwa sha tura mutane gaba ba shiri. Kuskuren shi ne a ɗauki hoton shekara ɗaya a rataya wa shekara huɗu. Rundunar da ta kewaye Jamusawa a Istalingirad cikin Nuwamba 1942 ta koyi aiki. A Yuni 1944 ta ɓoye taruwarta har Jamus ta zuba ido a wani wuri dabam, sa'an nan ta wargaza rundunar Jamus ta tsakiya cikin 'yan makonni, aka zaga da fursuna 57,000 cikin Mosko ran 17 ga Yuli. Wannan ba aikin taron fari ba ne. Ita ma Rasha ba shaida ce mai tsarki ba. Shekara da shekaru tana cewa ta ragargaza ɗaruruwan tankokin Jamus a Prokhorovka ran 12 ga Yuli 1943. Da aka buɗe takardu bayan 1991 sai aka ga ita ce ta yi hasarar fiye da 200 a ranar, Jamus kuwa kaɗan ƙwarai. Tun daga nan masana irin su Glantz na Amurka suka shiga gwada shaidar wannan da ta wancan, wasu masu tsara wasa na baya kuma suka gyara lambobinsu.

Sai dai ko an gyara lambobi duka, akwai abin da allon ba ya ɗauka. Mai wasa yana bisa kamar shirwa, yana ganin kowane lungu, alhali saja na gaske ba ya ganin bayan katangar da ke gabansa. Kwalin cike yake da tankoki, amma Jamus ta shiga Rasha da dawaki fiye da 600,000, su ke jan igwa da abinci, dokin da ya rasa harawa kuwa ba ya jiran ƙwayar ludo. Mafi girma duka, ƙauyukan da ke kan allon kango ne. Gida abu ne da ke ƙara wa soja kariya, ba mace a ciki, ba yaro, ba rumbu. Mutum wajen miliyan 27 Rasha ta rasa, fiye da rabinsu ba soja ba ne. Cikin fursunan Rasha kamar miliyan 5.7 da Jamus ta kama, fiye da miliyan 3 suka mutu, yawanci da yunwa, a hannun rundunar nan da janar-janar suka ce hannunta fari ne. A Babi Yar kusa da Kiyef an harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu, ƙarshen Satumba 1941. Littafin da Smelser da Davies suka fitar a 2008 ya tuhumci wasannin nan da taimaka wa wannan mantuwa, tuhumar kuwa tana da ƙafa. Ƙarin Squad Leader na 1978 ya kawo sojan SS, 'yan gaban goshin Hitila, da lamba 6-5-8, aka buga su da farin rubutu bisa baƙin kwali, har suka fi kowane ɗan kwali ɗaukar ido.

Mai kare wasan zai ce ai faɗan minti ashirin ake kwaikwaya, ba yaƙin duka ba, ba kuwa mai hankalin da zai so a yi wasa da kisan mata. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, da a ce an tsaya ga kiransa wasa kamar yadda ɗan dara ya tsaya. Amma wanda ya rubuta gaskiya a bayan kwalinsa ya kira kansa shaida, shaida kuwa ana tambayarsa abin da ya gani da abin da ya kau da kai daga gare shi. Minti ashirin ɗin nan cikin garin wasu aka yi su. Ran da igwa ta fasa ƙofar Bebeji akwai mata da yara bayanta, da fatake da kayansu, da malamai da almajiransu, rahoton ya ƙidaya igwa da soja da gawa, ya bar su, rundunar kuma ta kama hanyar Kano.