Jinjina Ga Masu Warkar Da Tsoron Taro

A zauren musabaƙar Alƙur'ani a Haɗeja, yaro mai ƙwaƙƙwarar hadda kan sarƙe da zarar alƙali ya kaɗa ƙararrawa. Tafin hannunsa ya jiƙe, maƙogwaro ya bushe, ayar da ya sani kamar sunansa ta ɓace masa. Haka ɗaliba kan daskare gaban kwamfuta ranar jarrabawar JAMB. Fargaba ce ke sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta hau bugawa, tunani ya tsaya cak.

Muna jinjina wa masana halayyar ɗan Adam, da malaman ba da shawara na makarantunmu, da ma'aikatan asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure da na Dawanau a Kano. Aikinsu na haƙuri ne. Sukan koya wa yaro jan numfashi a hankali, sannan ya yi karatu gaban mutum ɗaya, gobe gaban biyar, jibi gaban aji, har tsoron ya kwanta. Tushen wannan hanya ta bi-sannu Joseph Wolpe ya shimfiɗa shi a 1958. Sukan kuma zauna da shi su warware mummunan zaton da ke cin ransa, cewa kuskure ɗaya zai zubar masa da mutunci, bisa tsarin da Aaron Beck ya kafa a Amurka.

Iyaye, ku daina kiran irin wannan yaro matsoraci. Ku kai shi wurin masanan nan, domin matsalar tana da magani.