Bakaniken da ke auna mai kafin ya ɗauki sifana

Tsohuwar Golf GTI tana da wani hali da ke sa mai ita ya yi ta zargin batir a banza. Da asuba, ki ɗaya za ka yi mata ta tashi. Ka yi tafiyar rabin awa, ka tsaya sallar azahar, ka dawo bayan minti 20, sai ta ce ba ta san zancen ba. Inji na juyawa, wuta na zuwa fulogi, mai na cikin tanki, amma shiru. Idan ka bar ta ta huce, sai ta tashi abinta. A gareji da yawa an san abin da zai biyo baya: a canza fulogi, a canza kwayil, a ƙara da famfon mai. Kuɗi sun tafi, cuta tana nan.

Gwanin irin waɗannan motoci da tambaya yake farawa. "Alhaji, da sanyi take ƙi, ko sai ta yi zafi? Idan ta tashi, hayaƙin baƙi ne?" Kafin a gama ba shi amsa ya riga ya rage abin zargi zuwa biyu ko uku, domin ya san yadda mai ke tafiya a cikinta tun daga tanki har bakin bawul.

Volkswagen ta fito da GTI a 1976 da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki 110, a jikin motar da nauyinta bai wuce kilo 810 ba, tana kuma taɓa kilomita 182 a awa. Ba kafireta ke ba ta mai ba, wani tsari ne na kamfanin Bosch mai suna K-Jetronic, wanda ya fara bayyana a Porsche 911 a 1973, daga baya ya shiga Mercedes da Volvo da Audi Quattro, har da Ferrari 308. Ƙaninsa KE-Jetronic, wanda aka ɗan haɗa da lantarki, shi ne a cikin Mercedes 230E, wato Biibut ɗin da ta cika titunanmu a wani zamani. Injekta ce, amma a K-Jetronic na asali babu kwamfutar da za a jona wa na'ura ta faɗi inda ke ciwo. Komai ƙarfe ne da matsin mai.

Aikinsa kamar sikelin mahauci yake. Iskar da inji ke zuƙa tana ɗaga wani faifai siriri da ke zaune a cikin mazurari. Faifan yana kan hannun ƙarfe, hannun kuma yana tura wani ɗan sanda sama a cikin kan rabon mai. Gwargwadon hawan sandan, gwargwadon buɗewar wasu ƙananan tsagogi, faɗin kowanne wajen kashi 2 cikin 10 na milimita, tsaga ɗaya ga kowace silinda. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai man da ke danna sandan ƙasa. Idan inji na da sanyi, dannawar ba ta da ƙarfi, sai sandan ya hau sosai, mai ya yawaita. Yana ɗumama, wani ɗan akwati da ke manne a jikin inji sai ya ƙara matsin har ya kai wajen bar 3.5, mai ya ragu. Wanda ya riƙe wannan a kansa ya san cewa rabin cututtukan motar lamba ce da ta kauce daga inda ya kamata ta tsaya.

Shi ya sa kayan aikin da ya fi ji da shi agogon awon matsi ne mai ɗan famfo a gefe. Zai jona shi tsakanin kan rabon mai da akwatin nan. Ya rufe famfon, allura ta nuna matsin da famfon mai ke bayarwa, wajen bar 5. Ya buɗe, ta nuna matsin da ke danna sandan, ya tsaya yana kallon yadda take hawa a hankali yayin da inji ke ɗumama. Sannan ya kashe motar, ya duba agogon hannunsa, ya jira. A nan yaran gareji kan ƙosa, domin a ganinsu Oga ba ya yin komai. Alhali wannan jiran shi ne aikin. Ya kamata matsin ya tsaya a kusa da bar 2 ko sama na tsawon mintuna, domin man da ke cikin bututu kada ya tafasa da zafin inji. Idan allura ta zube ƙasa nan take, to ko dai ɗan bawul ɗin da ke bakin famfo ya daina riƙewa, ko tulun ajiye matsi da ke kusa da tanki ya fashe daga ciki. Mai ya zama tururi, tururi kuwa ba ya tayar da inji. Ga cutar azahar ɗin nan ke nan, kuma a zafin bazara irin namu ta fi tsanani.

Gwajin nozul ma abin kallo ne. Zai zare guda huɗun, ya sa kowace a kwalba mai ma'auni, ya kunna famfo, ya ɗaga faifan da hannu a hankali. Nozul mai lafiya feshi take yi kamar hazo, tana ɗan kuka siriri. Wadda ta gaji tsiyaya take yi ta gefe guda, ko ta ci gaba da ɗiga bayan an saki faifan. Ya jera kwalaben a kan benci, ya duƙa ya dube su: wadda manta ya gaza na sauran, silindarta ce ke misin. (Mai taba ba ya tsayawa kusa a lokacin, kuma gwanin ba ya jin kunyar korar ko da mai motar ne.)

Sai iskar sata. Duk iskar da ta shiga ta tsagewar roba ko ta zoben nozul da ya bushe, faifai bai san da ita ba, don haka ba a ba ta mai. Silo ya riƙa hawa da sauka, mota ta riƙa shaƙewa idan an taka totur. Akwai wani ɗan sukuru da ake juyawa da makullin alan mai milimita 3, wanda ke ƙara mai ko rage shi, kuma hannun duk wanda bai ƙware ba can yake fara zuwa. Silo zai daidaita, mai mota ya yi murna, amma an rufe ɓaraka ne da ɓarnar mai. Gwani sai ya gama da roba da taimin da matsi kafin ya taɓa sukurun, kuma ba ya taka totur makullin na ciki, don kada ya lanƙwasa hannun faifan.

Ba na ganin laifin duk wanda ya cire injekta daga Biibut ya ɗora kafireta a lokacin da kayan gyara suka yi wuya. Iyali na jiran mota, dole a tashe ta. Amma da yawa daga cikin kawunan rabon man da aka jefar lafiyarsu ƙalau, datti ne kawai daga tanki mai tsatsa da filtar da aka daɗe ba a canza ba.

Ƙara wa inji ƙarfi kuwa tsohuwar sana'a ce a kan Golf GTI. Tun a 1981 kamfanin Oettinger na Jamus ya ɗora wa GTI kai mai bawul 16, ƙarfinta ya kai doki 136, aka sayar da ita a Faransa shekaru kafin Volkswagen ta fito da nata mai doki 139. Masu yi a gareji sukan bi hanya mai sauƙi: a gyara hanyoyin iska a tof silinda, a sa kamshaf mai buɗe bawul sosai, a faɗaɗa salansa. Da yake faifai iska yake aunawa, ƙaramin canji yakan bi shi da kansa. Babban canji ne ke da haɗari, domin an ƙera siffar mazurarin ne daidai da injin asali. A tafiyar yau da kullum inji na son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, amma idan an take totur har ƙasa yana bukatar wajen 12.5 zuwa 13. Idan mai ya gaza a wannan lokaci, zafi zai huda fistin. Haka idan an kankare tof silinda don ƙara matsi, ga fetur marar ƙarfi, za a ji wani ƙas-ƙas a hawan tudu, kuma GTI ta farko ba ta da na'urar da za ta ji shi ta ja taimin baya. Kunnen bakanike ne zai ji.

Saboda haka abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda, ya ɗaura ma'aunin hayaƙi a salansa, ya fita titi, ya dawo ya rubuta. Ya zare fulogi ya duba launinsu: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai ya yi yawa, fari fat kuwa a dakata. Ba ya cire tamostat da sunan maganin zafi, lagireto yake wankewa ya tabbatar fanka na tashi a kan lokaci. Kuma tun da birkin baya na GTI ta farko na ganga ne, yakan gaya wa mai motar tun kafin a fara cewa kuɗin birki da taya suna cikin lissafin.