Jinjina ga yaran makaɗan garaya

A fim ɗin Crossroads na 1986, wani saurayi mai jita ya bar birnin New York ya bi wani dattijo zuwa Misisipi don ya koyi kiɗan bulus daga tushe. Da na gama kallo sai zuciyata ta dawo Tudun Wada, Gusau, wani zaure da nake wucewa bayan la'asar.

Akwai yaro a can da ya daɗe yana ɗaukar wa maigidansa garaya kafin a yarda ya taɓa tsirkiya. Shi ke shimfiɗa tabarma, shi ke kai garayar rana idan damina ta sa fatar ta saki, shi ke amshi har muryarsa ta dushe. Babu takarda, babu allo. Kunne ne makarantarsa. Na taɓa ganin maigidan ya kama yatsansa, wanda duk ya yi kanta, ya ɗan matsar da shi sama, ya ce, "Nan take, ɗana." Sautin da ya fita sai da tsigar jikina ta tashi.

Ta wannan hanya Zamfara ta samu irin su Kassu Zurmi, wanda garayarsa ke motsa zuciyar mafarauta. Shi ma Ali Farka Toure na Mali, da Turawa ke jin bulus a jitarsa, da molon gargajiya ya fara.

Mutane na yi wa yaran nan kallon maroƙa, amma taken kakanninmu a yatsunsu yake ajiye. Allah Ya ƙara musu haƙuri, Ya sa su gaji iyayen gidansu.